Hawan Sukur: a bar wa ƙafa aikinta

Jama'a, in ana lissafa wuraren ziyara a Arewa, sai a ce Yankari, a ce Dala, a ce Argungu, a yi shiru. Sukur fa? Tana ƙaramar hukumar Madagali a jihar Adamawa, bisa tsaunukan Mandara, dab da iyakar Kamaru. A 1999 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta farko a Najeriya, sai a 2005 kurmin Osun na Osogbo ya biyo baya.

Na sha jin masu cewa da ma a fasa titin mota har sama, baƙi su huta. Ni ban yarda a taɓa hanyar ƙafar da ake hawa Sukur da ita ba, domin ita kanta tana cikin abin da aka zo gani. Faffaɗan duwatsu ne aka jera da hannu, babu siminti, tun daga gindin dutse har sama. Hawa ne mai tsauri, ba na wasa ba. Kafin a yi rabi numfashi ya fara sarƙewa, cinyoyi sun yi nauyi, sai ga wata baiwar Allah ta wuce ka da kaya niƙi-niƙi a ka, ta yi maka sannu. Dama da hagu gonakin dawa ne hawa-hawa, an tokare kowace da katangar dutse don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Wanda ya taɓa riƙe fartanya shi zai san yawan gumin da ke kwance a wurin.

In ka kai inda hanya ta ratsa tsakanin tsaunuka, iska mai sanyi ta buge ka, ka waiga ka ga fili ya shimfiɗe iya ganinka, can gabas kuma ga duwatsun Kamaru. Daga nan sai gidan Hidi, sarkin Sukur, shi ma ginin dutse, da ramukan da ake turke bijimai a yi musu kiwo.

Abin da ke sosa min rai shi ne kallon da mu mutanen fili muka daɗe muna yi wa mazauna dutse, kamar waɗanda duniya ta bari a baya. Mutanen nan su ne suka narka tama suka wadata yankin da ƙarfen fartanya shekara da shekaru. Sun sha harin Hamman Yaji, hakimin Madagali mai kamen bayi, wanda Turawa suka tuɓe a 1927. A 2014 Boko Haram ta hau ta ƙona gidaje, suka dawo suka sake gini. Wanda mota ta dire a ƙofar fada zai ɗauki hoto ya juya. Wanda ya hau da ƙafa zai isa ya riga ya fara girmama su.

Na san za a ce da ni, to mai naƙuda fa, da mara lafiyar da sai an ɗauko shi a sauko da shi? Wannan magana ce mai nauyi, kuma hakkinsu ya fi sha'awar baƙo. A kai musu asibiti da ruwa da malamai can sama. In titi suke so, su za su faɗa, amma a zagaya da shi ta wani gefe, kada katafila ta hau kan duwatsun kakanninsu.

Mai niyyar zuwa ya fara tambayar 'yan gari halin tsaro. Ƙarshen damina ya fi, kafin hazo ya rufe nesa. A tashi bayan asuba, da ruwa isasshe da takalmi mai riƙe ƙafa, don gangarowa ta fi cin gwiwa. A ɗauki ɗan jagora ɗan Sukur, a biya shi da kyau, a kuma nemi izini kafin a ɗaga waya don ɗaukar hoto a gidan Hidi.