Kwali Ɗaya Ya Isa

Alhaji na tsaye a tsakiyar kicin, tef a hannu biro a bayan kunne. Shekara 35 ya yi yana aikin odita, har yau ko biredi ya saya sai ya nemi rasit.

Alhaji: Tsawon kantar nan santimita 240, faɗi 60. Tayil mai 60 da 60 guda huɗu ne a kwali. Huɗu sau sittin nawa?

Mai tayil: Ranka ya daɗe ni dai...

Alhaji: 240 cif. Kwali ɗaya ya isa.

Mai tayil: Toh Alhaji bakin kantar fa? Ai sai an yanko siriri an manna a gaba, ga bangon baya inda miya ke fallatsa, ga ramin sinki da za a huda, kuma Hajiya ta ce har wurin wanke fuska na bayi za a yi. Kowa ka tambaya ana ƙara kashi goma cikin ɗari saboda fashewa.

Alhaji: Au, tun ba ka fara ba har ka ware wanda za ka fasa min? Hajiya zo ki ji ɗan kwangila.

Hajiya: Ni fa Alhaji tun farko giranit na ce, irin na Maman Ilham a Gwarinpa, falle ɗaya sumul ba layi. Tayil ɗin nan in manja ya shiga tsakaninsa ko da buroshin haƙori ka bi shi ba ya fita.

Alhaji: Mijin Maman Ilham ɗan siyasa ne, ni fansho nake jira. Ki rage manja.

Mai tayil ya zaro takarda daga aljihu, wai lissafi, bayan kwalin maganin sauro ne.

Mai tayil: Za a zuba kankare tukunna, sai rodi, yashi, siminti buhu biyu, gam, farin siminti na cike layi, kuɗin aiki, sai man janareta saboda injin yanka tunda unguwarku wuta sai an ga dama.

Alhaji: Wato tayil ɗin shi ne ma mafi arha a ciki?

Mai tayil: Haka abin yake ranka ya daɗe. Tun 2024 da buhun siminti ya haura dubu goma ba mu sake barci mai daɗi ba.

Alhaji: Duk na ji. Amma kwali ɗaya ya isa.

Washegari daga unguwar Lugbe har kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a nan Abuja, Alhaji da kansa ya ja mota don kar a ci masa canji, ya kashe AC saboda mai, suka isa kamar an tsamo su daga rijiya.

Mai shago: Alhajin Allah! Na Sifen kake so ko na Italiya? Akwai na Chana, akwai na gida wanda ake yi a Ajaokuta.

Alhaji: Na Italiya, a kuɗin na Ajaokuta.

Mai shago: Ai na Ajaokutan ma ya tashi. Dala ce.

Alhaji: Me ya haɗa dala da jihar Kogi?

Mai shago: Toh ai mai kamfanin yana jin labarai.

Alhaji: Na ji an ce ta ɗan sauka kwanan nan.

Mai shago: E ta sauka, amma wannan tsohon kaya ne, da tsada muka sayo.

Alhaji: Da ta hau fa, ba tsohon kayan kuka ƙara wa kuɗi ba?

Mai shago: Alhaji a kawo maka ruwa?

(Ni dai tun da aka janye tallafin mai a 2023 ban taɓa ganin abin da ya hau ya dawo ba a garin nan, har mai rake dala yake kira.)

Mai shago: Kwali nawa za a ɗauko?

Mai tayil: Uku.

Alhaji: Ɗaya. Da rasit.

Aiki ya kankama, uku sun zauna daram. Ana huda ramin sinki a na huɗu sai ji aka yi ƙas, tayil ya rabe biyu. Kicin ya yi tsit.

Mai tayil: Alhaji ka ga abin da...

Alhaji: Ban ga komai ba. Lissafina daidai yake, hannunka ne bai iya lissafi ba.

Aka sake ɗaukar hanya, man tafiyar nan biyu wallahi ya sayi kwalayen da ake ta rigima a kansu, amma wa zai faɗa masa.

Mai shago: Kai, wannan kalar ta ƙare jiya jiyan nan. Akwai ƙanwarta.

Alhaji: Tawa ruwan toka ce, wannan kuma ruwan hoda.

Mai shago: Da dare duk ɗaya ne.

Alhaji: Ba ni falle ɗaya.

Mai shago: Ba ma fasa kwali.

Alhaji ya juya ya fita ko sallama babu, don in ya sayi kwali na biyu ai ya ƙaryata kansa kenan, gara a mutu.

Ran Asabar sai ga Maman Ilham ta zo ganin gyara. Tayil uku, wajen sinki an shafe da siminti, an dasa wani katako a gefe, bakin kanta kankare tsirara.

Maman Ilham: Ikon Allah, wannan wane irin salo ne?

Alhaji: Sabon yayi ne daga Turkiyya, wurin yanka albasa a jiki yake zuwa. Bai iso Gwarinpa ba tukunna.

Maman Ilham: Na bayin fa?

Hajiya: Bokiti ne da kujera 'yar tsugunno.

Alhaji: Akwai ɓari biyu da suka rage, na adana su a ƙarƙashin gado. Kin ga har saura aka samu a kwali ɗayan.