Daga filin ƙwallon jami'a zuwa kakin ɗan sanda: Amurka da Najeriya

A Amurka, inda nake zaune, ba baƙon abu ba ne jami'a ta karrama tsohon ɗan wasanta na ƙwallon ƙafa, a lissafa ƙwallayen da ya ci da kofunan da ya ɗauka, sannan a ƙarshen bayanin a ce yanzu ɗan sanda ne ko jami'in FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya. Mutanenmu kan ji haka su ce ƙwallo ba ta karɓe shi ba. A ganina fahimtar ba daidai ba ce, domin tun farko tsarin bai yi masa alkawarin cin abinci da ƙwallo ba.

Hukumar NCAA, wadda aka kafa a 1906, ita ke kula da wasannin yawancin manyan jami'o'in ƙasar, kuma ta fara gasar ƙwallon ƙafa ta maza a 1959. Jami'ar St. Louis ta ɗauki kofin sau 10, ta Indiana sau 8. Amma ita kanta hukumar tana faɗa wa ɗalibai cewa waɗanda ke zama ƙwararrun 'yan wasa ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Saboda haka aka ɗaure wasa da karatu: wanda makinsa ya faɗi ba ya shiga fili, an ƙayyade atisaye da wasa zuwa awa 20 a mako lokacin gasa, kuma kaka huɗu kawai ake ba mutum a bisa al'ada. Yana da shekara 22 ko 23 wasan ya ƙare, ya fito da digiri da lafiyayyen jiki, ga sabo da bin umarnin mai horarwa da aiki cikin jama'a, abubuwan da masu ɗaukar 'yan sanda ke nema. A bisa al'ada FBI ba ta ɗaukar jami'in bincike sai mai digiri wanda ya kai shekara 23, kafin ta tura shi horo a Quantico da ke jihar Virginia. Yawancin rundunonin birane takardar sakandare ta ishe su, sai dai digiri kan taimaka wajen albashi da ƙarin girma.

A gida kuwa tafiyar ta bi wata hanya dabam. Rundunar 'yan sanda da sauran hukumomi masu kaki su ne kan ɗauki matashi saboda gudunsa ko ƙwallonsa, su ba shi albashi ya riƙa yi musu wasa. Hanyar ta haifar da abin alfahari. Chioma Ajunwa, wadda tana cikin tawagar matan Najeriya a gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 1991 a Sin, 'yar sanda ce lokacin da ta ci lambar zinare ta dogon tsalle a Atlanta a 1996 da mita 7.12. Marigayi Sunday Bada, zakaran duniya a tseren mita 400 na cikin zaure a Paris a 1997, shi ma ɗan sanda ne. Sai dai wannan ƙofa ƙarama ce, kuma ta 'yan kaɗan ɗin da suka riga suka yi fice ce. Yaron da ya bar aji a Kano ko Jos don bin wata makarantar ƙwallo ta unguwa, yana jiran dillalin da zai kai shi Turai, idan gwiwa ta goce ba shi da kaki ba shi da takarda.

Abin takaicin shi ne mun taɓa sanin ɗaya hanyar. Adokiye Amiesimaka ya haɗa karatun lauya a Jami'ar Legas da yi wa ƙasa wasa, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin Afirka a 1980, daga baya ya zama kwamishinan shari'a na jihar Ribas. A shekarun 1970 ma jami'ar Clemson ta Amurka ta yi suna ne da 'yan wasan da ta ɗebo daga Najeriya.

Tsarin Amurka yana da nasa aibin. Gasar gajeriya ce, daga Agusta zuwa Disamba, shi ya sa zaratan matasansu yanzu suke tsallake jami'a su nufi ƙungiyoyin MLS, wato babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, ko Turai. Iya taka leda kuma ba ya sa mutum ya zama ɗan sanda mai adalci, musamman a ƙasar da kisan da ɗan sanda ya yi wa George Floyd a Minneapolis a 2020 ya nuna irin rashin yardar da ke tsakanin baƙar fata da masu kaki. Duk da haka, idan ana maganar makomar ɗan wasa ne, sun fi mu shiri nesa ba kusa ba.

Gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya, wadda aka fara a Ibadan a 1966, biki ce ta 'yan kwanaki a jami'a guda, ba gasar mako-mako ba. Gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL da aka soma a 2018 ta fi kusa da abin da ake buƙata. Abin da ya rage shi ne jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello su ware gurabe da tallafin karatu ga 'yan wasa bisa sharaɗin cin jarrabawa, rundunar 'yan sanda kuma ta riƙa zuwa neman ma'aikata a cikin waɗanda suka kammala.