Masu cewa fidda gwani "harkar cikin gida" ce, ku duba abin da ya faru a Jojiya a 1946

Maganar nan ta sake dawowa kuma gaskiya ta ishe ni. Da zarar an doshi zaɓen fidda gwani na gwamna, sai ka ji an tara masu ruwa da tsaki a gidan gwamnati da daddare, gari ya waye a ce an samu ɗan takara na masalaha, sauran da suka sayi fom da miliyoyinsu a ce su janye don girman jam'iyya. Tunda dokar zaɓe ta 2022 ta halatta masalaha sai abin ya zama kamar shi kaɗai ne a cikin dokar. In ka buɗe baki, 'yan kore su hau rediyo da Facebook suna cewa ai harkar cikin gida ce ta jam'iyya, ba ruwan kotu ba ruwan talaka, ka jira babban zaɓe ka zaɓi wanda kake so. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu ƙarawa da cewa wai ko a Amurka haka ake yi, jam'iyya ita ke da ikon gidanta.

To mu je Amurkan. Mu je jihar Jojiya, shekarar 1946, domin a can ne aka yi wannan hujja tasu har ƙarshenta, kuma an ga abin da ta haifa.

A wancan lokacin jam'iyyar Democrat ce kawai a Jojiya. Tun 1872 ba a sake ganin gwamna ɗan Republican ba sai a 2003. Wanda duk ya ci fidda gwani a tsakiyar shekara ya riga ya zama gwamna, zaɓen Nuwamba cika ƙa'ida ne kawai. Shi ya sa manyan jam'iyyar suka ce baƙar fata ba zai jefa ƙuri'a a fidda gwani ba, kuma hujjarsu ita ce dai wadda muke ji yau: jam'iyya ƙungiya ce mai zaman kanta, ita ke zaɓar 'ya'yanta, in baƙi na son zaɓe su jira Nuwamba. Kotun ƙolin Amurka ta rushe wannan a 1944 a wata shari'a daga jihar Texas, amma 'yan Jojiya suka ce ba da su ake ba. Sai da wani mai aski kuma mai wa'azi a garin Columbus, Primus King, ya je zai yi zaɓe ranar 4 ga Yulin 1944 aka kore shi, ya kai ƙara, ya yi nasara a kotun tarayya a 1945, aka ɗaukaka ƙara ya sake yin nasara a 1946. Bayan nan baƙaƙe fiye da 100,000 suka yi rajista.

Gwamnan da ke kai, Ellis Arnall, tsarin mulki bai ba shi damar zarcewa ba, sai ya mara wa James Carmichael baya. Eugene Talmadge kuwa, wanda ya riga ya yi gwamna sau uku, ya fito da alkawari guda ɗaya babba, cewa zai maido da fidda gwani na farare zalla. Dabarar da yake son bi ita ce ta jihar South Carolina, inda a 1944 majalisa ta zauna ta soke duk dokokin jihar da suka ambaci fidda gwani, don kawai a ce wa kotu babu hannun gwamnati a ciki, kulob ne na 'yan jam'iyya. Ku lura da kyau, sai da suka so hana mutane zaɓe sannan suka tuna cewa jam'iyya gida ce.

Ranar 17 ga Yuli aka yi zaɓen. Carmichael ya samu ƙuri'a kusan 313,000, Talmadge kusan 297,000, tsohon gwamna Rivers ya zo na uku can baya. Amma Talmadge aka ba tuta. Dalili kuwa ba kan mutane ake ƙirgawa ba, maki ake ƙirgawa na gundumomi. Jihar na da gunduma 159, takwas mafi yawan jama'a kowacce maki 6, talatin na biye maki 4, ragowar 121 kowacce maki 2, jimla 410, kuma wanda ya zo na ɗaya a gunduma ko da ƙuri'a ɗaya ya fi, shi zai kwashe makinta duka. Ka ga kenan ƙananan gundumomin karkara uku sun yi daidai da gundumar Fulton inda birnin Atlanta yake. Talmadge ya kwashi maki sama da 240, mutumin da ya fi shi da ƙuri'a dubu goma sha shida ya koma gida. Kuma a gundumomin karkarar nan mutanensa sun bi rajista suna ƙalubalantar sunayen baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya ana gogewa kafin ranar zaɓe, don sun san a ƙaramar gunduma 'yan ɗaruruwan ƙuri'u sun isa su juya maki biyu.

Wani tsohon soja baƙar fata da ya dawo daga yaƙin duniya na biyu, Maceo Snipes, ya jefa ƙuri'arsa a gundumar Taylor ran nan. Washegari fararen fata suka same shi a gida suka harbe shi, ya rasu bayan 'yan kwanaki, ba a hukunta kowa ba. Ranar 25 ga watan aka kashe baƙaƙe huɗu, maza biyu da matansu, a kusa da gadar Moore's Ford. Ban san yadda mutum zai karanta wannan ya ci gaba da cewa fidda gwani maganar 'yan jam'iyya ce su kaɗai ba.

Abin bai tsaya nan ba. Talmadge ba shi da lafiya kuma na kusa da shi sun sani, sai suka shirya a ɓoye wasu su rubuta sunan ɗansa Herman da hannu a takardar ƙuri'a ranar babban zaɓe, saboda lissafinsu shi ne in uban ya mutu kafin rantsuwa majalisa za ta zaɓa cikin waɗanda ke biye da shi a ƙuri'a. Ya kuwa mutu ranar 21 ga Disamba. Da aka ƙirga ƙuri'un rubutun hannu Herman na uku ya zo, kwatsam sai ga wasu ƙuri'u hamsin da 'yan kai sun ɓullo daga Telfair, gundumar su Talmadge, ya koma na ɗaya da ƙuri'a 675. Jaridar Atlanta Journal ta bincika daga baya ta gano har da sunayen matattu a ciki, an jera su bisa tsarin haruffa. Majalisa ta naɗa shi gwamna cikin dare a Janairun 1947, a jihar da mutane kusan 700,000 suka fito fidda gwani. Arnall ya ce ba zai miƙa masa ba, Melvin Thompson da aka zaɓa mataimakin gwamna ya ce kujerar tasa ce, mutanen Herman suka canja makullan ofis, jiha ɗaya gwamna uku. Sakataren jihar, Ben Fortson, sai da ya ɓoye hatimin gwamnati a ƙarƙashin matashin kekensa na guragu don kada wani ya buga shi a takarda. A watan Maris kotun ƙolin jihar, alƙalai biyar da biyu, ta ce Thompson ne gwamna. A cikin wata biyun da Herman ya yi a ofis kuwa, babban abin da ya sa a gaba shi ne dokar nan ta soke dokokin fidda gwani don a maida jam'iyya kulob ɗin farare.

Yanzu akwai masu cewa ai maganin duk wannan a yi ƙato-bayan-ƙato a huta da deliget. Su ma ba su kalli Jojiya ba, domin a can kowa da kansa ya je ya jefa ƙuri'a, ba deliget ko ɗaya, amma mai riƙe da rajista da mai tsara lissafi su suka fidda gwamna. In gwamna ne ke da littafin rajistar jam'iyya a aljihunsa, ko layi ya kai daga nan zuwa bakin kasuwa sakamakon da ya rubuta shi za a karanta. Akwai kuma masu kukan cewa kotu na yi wa siyasa katsalandan, suna kawo misalin Ribas a 2007 da aka ba Amaechi kujera, da Zamfara a 2019 da kotun ƙoli ta zubar da ƙuri'un APC gaba ɗaya saboda ba a yi sahihin fidda gwani ba. Wannan kuka bai dame ni ba, wanda ya ƙi bin ƙa'idar da ya rubuta da hannunsa shi ya gayyato alƙali.

A Jojiyar ma ba 'yan siyasa ne suka gyara ba, don ba wanda zai sare reshen da yake zaune a kai. Herman ya dawo ya ci zaɓen 1948 da tsarin makin nan, daga baya ma ya tafi majalisar dattawa ya daɗe. Sai a 1962 kotun tarayya ta taka wa tsarin birki, kotun ƙoli ta tabbatar a 1963 da hukuncin nan na mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, bayan an nuna mata cewa mutum ɗaya a gundumar Echols nauyinsa a zaɓe ya kai na mutum 99 a Fulton. Kuma kotun ta faɗa ƙarara cewa fidda gwani ɓangare ne na zaɓen jiha, tsarin mulki ya shafe shi.

Mu ma jihohi nawa ne a ƙasar nan da kowa ya san duk wanda jam'iyya mai mulki ta tsayar shi ne gwamna? A irin waɗannan jihohi daren masalahar nan shi ne zaɓen, mutum ashirin ko talatin a falo ɗaya suna yanke wa miliyoyi wanda zai riƙe musu albashi da asibiti da makaranta shekara huɗu ko takwas. Ni ina ganin rajistar 'yan jam'iyya ta fita daga hannun gwamnoni, a ajiye ta wurin INEC tun da wuri kowa ya iya dubawa, kuma duk ɗan takarar da aka ce ya janye a ji daga bakinsa a bainar jama'a, ba takardar da aka sa shi ya sa wa hannu da ƙarfe biyun dare ba. 'Yan majalisar da za su gyara dokar yawancinsu ta wannan hanyar suka samu tikiti, shi ya sa sai an matsa musu lamba sosai, kuma lauyoyin da ke tsayawa gaban alƙali suna maimaita cewa harkar cikin gida ce su daina, sun san sarai wa suke karewa.