Baje kolin kimiyya na yara ne, ba na aljihun iyaye ba

Makon jiya na je baje kolin kimiyya a wata firamare da ke Agege, karo na farko ke nan da 'yan aji uku da huɗu suka shiga irinsa, kuma na dawo raina a ɓace. Kyautar farko ta tafi ga wani ƙaramin gidan kwali mai fitilu da fanka da farantin sola. Da alƙalai suka tambayi yaron da ya kawo shi abin da ke juya fankar, sai ya yi shiru, ya waiwayi mahaifinsa. Kowa a wurin ya san wajen masu gyaran waya na Ikeja aka harhaɗo gidan.

Can gefe kuwa, wata yarinya 'yar shekara 8 ta jera kofuna uku na zoɓo. Ta matsa lemun tsami a na farko, jansa ya ƙara haske. Ta zuba jiƙaƙƙiyar kanwa a na biyu, ya rine ya yi duhu kamar shuni. Na ukun ba ta taɓa shi ba, ta ce don a ga bambanci. Ko da ba ta san sunansa ba, ta gano cewa sinadarin da ke ba zoɓo launi yana sauyawa idan ya haɗu da abu mai tsami ko mai kanwa. Ta yi tambaya, ta gwada, ta kwatanta, da kayan da uwarta ta sayo a kasuwa. Me kimiyya ke nema fiye da haka wajen yaro? Amma ko tafi ba a yi mata ba, wai don Turancinta ya sarƙe, ta ƙarasa bayani da Hausa.

Masu cewa ƙyale-ƙyale ne ke burge iyaye, tallan makaranta suke yi, su daina fakewa da ilimi. Abin da suka koya wa yaron nan shi ne kuɗi na sayen basira, yarinyar kuma an nuna mata cewa aikin hannunta ba shi da daraja. Wannan zalunci ne, kuma a ranar farko aka yi shi, ranar da yaro ke yanke wa ransa ko kimiyya tasa ce.

A yi aikin a cikin aji, gaban malami. A ba da maki kan bayanin yaro, da duk harshen da bakinsa ya fi sakewa. Duk abin da aka sayo a haɗe, a mayar wa uban da ya biya kuɗinsa tun daga bakin ƙofa.