Mai shaidar zur a Hague ya koma gida, wa zai kama shi?

Na daɗe ina mamakin yadda shari'ar manyan laifuka ke rataye a bakin shaidu, amma wanda ya rantse ya yi ƙarya sai ya hau jirgi ya koma garinsu lafiya lau.

Sashe na 70 na Yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya (ICC) da ke birnin Hague, bai bar ƙofa ba. Shaidar zur, da gabatar da hujjar jabu, da sayen shaida, duk laifuka ne, hukuncinsu kuwa ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tara, ko duka biyun. A watan Oktoba na 2016 kotun ICC ta samu Jean-Pierre Bemba, tsohon mataimakin shugaban Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, da lauyansa Aimé Kilolo, da wasu mutum uku, da laifin karkatar da shaidu 14 ta hanyar ba su kuɗi da biya musu abin da za su faɗa, kamar yadda malami ke biya wa almajiri allo. An ci Bemba tarar Yuro 300,000, hukuncin kuma ya sa aka hana shi takarar shugaban ƙasa a 2018, shekarar da kotun ta wanke shi daga ainihin tuhumar laifukan yaƙi.

To, ina su shaidun? Abin da ya fi damuna ma shi ne shari'ar Thomas Lubanga, madugun 'yan tawayen Kwango, inda alƙalai suka ce a 2012 akwai alamun wasu 'yan tsakani da ofishin mai gabatar da ƙara ya yi aiki da su sun zuga matasa su yi ƙaryar cewa an sa su aikin soja tun suna yara, amma ba a gurfanar da kowa ba. Ofishin da ya kawo shaidar shi ake jira ya binciki kansa.

Shi ya sa nake ganin nauyin yana kan kotunan cikin gida. Sakin layi na 4 na Sashe na 70 ɗin ya wajabta wa kowace ƙasa da ke cikin yarjejeniyar ta faɗaɗa dokarta har ta kama ɗan ƙasarta da ya aikata haka, ko wanda ya aikata a cikin iyakarta. ICC ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Paul Gicheru, lauyan Kenya da kotun ta tuhuma da sayen shaidu, da ƙafarsa ya miƙa kansa a 2020, ya kuma rasu a 2022 kafin a yanke hukunci. Najeriya ta amince da yarjejeniyar tun 2001, amma alƙalin da ke zaune a Abuja ba ya ɗaure mutum da yarjejeniya, sai da dokar da majalisa ta zartar.