Mutuwar Direbobin Rali da Masu Neman a Maimaita Musu Ita

A makon da ya shige na zauna tare da wasu samari, ƙannena ne a shekaru, ina kuma ganin mutuncinsu ƙwarai. Muna cikin hira sai ɗayansu ya ciro waya ya ce a matso a ga abin mamaki. Bidiyon wata motar tseren rali ne da ta ƙwace wa direbanta a kan kwana, ta daki gefen hanya, ta yi ta wuntsilawa har sai da bishiya ta tare ta. A ƙasan hoton an rubuta cewa mutumin da ke zaune kusa da direban bai fita da rai ba. Kowa ya ga rubutun, domin ni ma na gan shi. Duk da haka sai na ji an fashe da shewa, wani yana cewa a mayar masa daga inda ta tashi sama, wani kuma yana neman a tura masa don ya kai wa abokansa. Sau huɗu aka maimaita shi a gabana, kuma wanda ya fara yaɗa shi har kiɗa ya ɗora a kai. Na tashi daga wurin raina a ɓace, kuma har yau abin bai bar zuciyata ba.

'Yan'uwana matasa, ni ma mai son wannan gasa ne, na daɗe ina bibiyarta, shi ya sa nake jin ina da bakin yi muku magana. Ba na ganin laifin wanda ya yi sha'awar gwanintar mutumin da ke sarrafa mota a kan tsakuwa, ko laka, ko ƙanƙara, a hanyar da faɗinta bai wuce na mota ɗaya ba. Abin da nake kuka da shi shi ne yadda mutuwar ɗan Adam ta koma abin nishaɗi a hannunku, har ana zaɓen wadda ta fi daɗin kallo.

Da kun san abin da ke faruwa a cikin motar nan, da ba ku yi dariya ba. A rali mutum biyu ne ke ciki. Ɗaya yana riƙe da sitiyari, ɗayan kuma yana riƙe da littafin da suka rubuta tare a lokacin da suka zagaya hanyar kafin gasa, yana karanta masa cewa kwana ta hagu na tafe, ga tsananinta, ga nisan da ya rage, ga tudun da ke ɓoye abin da ke bayansa. Direban yana taka mota ne a kan maganar abokinsa tun kafin idonsa ya ga hanyar, shi kuma mai karatun kansa yana sunkuye a kan takarda, ya miƙa ransa ga hannun da ke kan sitiyari. Amana ce irin wadda ba kowane wa da ƙani ke da ita ba. Idan motar ta daki bishiya ta gefen mai karatun, sau da yawa bai ma ga abin da ya same shi ba. Wannan shi ne mutumin da kuka ce a mayar muku da mutuwarsa baya don ku ƙara gani.

Ku tuna da Craig Breen, ɗan ƙasar Ailan. A watan Yuni na 2012, yana tsere a tsibirin Sisili na Italiya, motarsa ta daki shingen ƙarfe na gefen hanya, ƙarfen ya huda motar ya kashe mai karanta masa hanya, Gareth Roberts, yana da shekara 24. Breen ya fita da ransa, ya ci gaba da tsere yana ɗauke da wannan rashi har tsawon shekara 11, kuma duk wanda ya bi hirarrakinsa ya san bai daina ambaton abokin nan nasa ba. A watan Fabrairu na 2023 ya zo na biyu a ralin Suwidin. Ranar 13 ga Afrilu na wannan shekarar, yana gwajin motarsa ta Hyundai kafin ralin Kuroshiya, motar ta zame daga hanya, wani turken shinge ya shiga ta taga ya same shi, ya mutu yana da shekara 33. Mai karanta masa hanya a ranar, James Fulton, ya fita ba tare da rauni ba. Ku dubi yadda abin ya juyo: wanda ya taɓa tsira a gefen gawar abokinsa, shi ne ya bar wani a gefen tasa gawar. Abokan aikin Breen sun shiga gasar da motoci masu launin tutar ƙasarsa, manyan maza suna magana da 'yan jarida hawaye na zuba. A daidai wannan lokacin akwai masu bincike a intanet ko za su dace da hoton wurin da abin ya faru. Wace irin zuciya ce wannan?

Wani zai ce mini ai su suka zaɓi wannan sana'a, kuma sun san haɗarinta. Gaskiya ne sun sani, har sun fi ku sani. Amma yarda da haɗari daban, ba wa baƙo izinin yin wasa da gawarka daban. Mai gini ma ya san zai iya faɗowa, matuƙin jirgin ruwa ya san teku ba ta da amana, amma ba mu taɓa jin an ce don haka a tara jama'a a yi shewa ranar da suka mutu ba. Ya tabbata cewa an wuce da gawar wani Bayahude ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko gawar wane ce sai ya ce ashe ba rai ba ne? To, ina wannan tarbiyya ta tafi? Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa, sun kuma ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Yau ana gani ga wane, sai a danna alamar dariya a tura wa na gaba.

Kada ku ɗauka cewa ɗan kallo ba shi da hannu a cikin wannan jini. Tarihin rali ya nuna akasin haka. A farkon shekarun 1980 aka shigo da wasu motoci da ake kira Rukunin B, marasa nauyi, masu injin da ƙarfinsa ya haura doki 400, kuma jama'a suka haukace a kansu. A Fotugal da wasu ƙasashe mutane kan cika tsakiyar hanya, sai mota ta kusa taka su sannan su dare gida biyu, wasu har miƙa hannu suke yi don su taɓa ta tana wucewa. A watan Maris na 1986, a ralin Fotugal kusa da garin Sintra, motar Joaquim Santos ƙirar Ford RS200 ta faɗa cikin taron 'yan kallo, mutum 3 suka mutu, sama da 30 suka jikkata. Manyan direbobi suka haɗu suka janye daga gasar, suka ce ba za su ci gaba da tuƙi a cikin mutane ba. Wata biyu bayan haka, ranar 2 ga Mayu, Henri Toivonen ɗan Finlan da mai karanta masa hanya Sergio Cresto suka faɗa kwazazzabo a ralin tsibirin Kosika na Faransa da motarsu Lancia Delta S4, wadda tankunan manta ke ƙarƙashin kujeru. Wuta ta cinye su, ba abin da aka ɗauko daga wurin sai ƙarafan motar. A daidai wannan rana ta shekarar 1985, a wannan gasa ta Kosika, Attilio Bettega ya mutu a wata Lancia. Sai da aka kai nan sannan aka haramta Rukunin B daga ƙarshen 1986. Kamfanoni sun ƙera waɗannan motoci ne saboda akwai idon da ke neman abin da ya fi na jiya tsanani, kuma irin wannan idon ne na gani a kan wayar nan a makon jiya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne har yanzu akwai matasan da ke kiran wancan zamani lokacin mazaje, suna cewa an lalata tsere da dokokin kariya. Masu faɗin haka ba su taɓa zama a cikin motar da ke ci da wuta ba. Kejin ƙarfen da ke cikin motocin yau, da hular kwano, da rigar da ke jure wuta, da ɗamara mai ɗaure kafaɗu da ƙugu, da na'urar da ke riƙe kai da wuya idan an yi karo, kowannensu an same shi ne bayan an binne wani. Haka abin yake har a sauran tseren motoci da ba rali ba: a tseren Le Mans ta Faransa a 1955, tarkacen motar Pierre Levegh ya faɗa kan jama'a ya kashe sama da mutum 80. A Imola ta Italiya a 1994, a gasar Formula 1 ta motoci marasa rufi da ke zagaye filin tsere, Roland Ratzenberger ya mutu ranar Asabar, Ayrton Senna ya bi shi ranar Lahadi. A wannan gasar dai, Jules Bianchi ya yi haɗari a Suzuka ta Japan a 2014, ya cika a 2015, sannan a 2018 aka sa wa motocin Formula 1 wani baka na ƙarfe a saman kan direba. Masu kallo da yawa sun ce bakan ya ɓata kyan mota. A 2020 a Baharain, motar Romain Grosjean ta rabe biyu a jikin shinge ta kama da wuta, ya fito da ƙafarsa, kuma shi da kansa ya ce bakan nan ne ya zama sanadin tsirarsa. Ku gaya mini, kyan mota ya kai ran uban yara?

Ba zan wuce ba sai na taɓo masu kwaikwayo, domin daga wannan kallon ne suke tasowa. Saurayi zai kalli bidiyo da dare, gari na wayewa ya ɗauki motar da ba tasa ba, ya hau titin da yara da tsofaffi ke tsallakawa, yana murɗa sitiyari yana jan birki, abokinsa na gefe yana ɗaukarsa a waya. Ya manta cewa direban rali yana tsere ne a hanyar da aka rufe, motoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya da tazara a tsakaninsu, ga masu tsaron hanya, ga motar asibiti tana jira, kuma da duk wannan tanadi ana mutuwa. Shi kuwa ko ɗamarar kujera bai ɗaura ba. Idan an yi magana ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kamar ba a ce mana kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu ba. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, sai dai abin takaicin shi ne sau da yawa mai tafiya a ƙasa ne ke jin hohon. Akwai kuma masu rige-rigen sanar da mutuwa, waɗanda ke watsa sunan mamaci tun kafin a kai wa mahaifiyarsa labari, don kawai a ce su suka fara faɗa. Duk cuta ɗaya ce take fita ta ƙofofi daban-daban.

Mu da ke wannan nahiya ma ba baƙin wannan magana ba ne. Ralin Dakar, wanda ya fara tashi daga Faris a ƙarshen 1978, ya yi shekaru yana ratsa Sahara, ta Agadas da Tenere da Mali, kafin ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Wanda ya ƙirƙiro shi, Thierry Sabine, ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a watan Janairu na 1986, ana tsakiyar gasar. Paulo Gonçalves ɗan Fotugal ya mutu a kan babur ɗinsa a 2020. Waɗannan an san sunayensu, an yi musu makoki. Amma a 2006 motocin gasar sun kashe yara biyu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal, yaran da ba su sa hannu a takardar kowa ba, ba su kuma nemi kofi ba. Duk lokacin da kuka yi wa motar da ke wuntsilawa shewa, ku sani akwai ranar da a ƙarƙashinta ɗan wani talaka ne.

Na tashi a lokacin da idan aka ambaci mutuwa a zaure sai murya ta yi ƙasa, ko da ba a san mamacin ba. Babba ba ya buƙatar ya tsawata, kallo ɗaya ya isa yaro ya haɗiye dariyarsa. An koya mana cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, kuma ba a taɓa koya mana mu tsaya muna yaba hasken wutar ba. Ban san ranar da wannan kunya ta fita daga idanunmu ba, amma na san mu manya muna da namu kason laifin, domin mun miƙa wa yara waya ba mu miƙa musu abin da za su auna abin da suke gani da shi ba. Ina roƙonku, ƙannena, ku dawo da tausayi cikin zukatanku, ku ji nauyin rai, kuma idan irin wannan hoton ya iso hannunku ya tsaya a nan.

Su kansu masu gasar sun fi 'yan kallonsu sanin wannan. Ranar 18 ga Satumba, 2005, a ralin Birtaniya da aka yi a Wales, motar Markko Märtin ta daki bishiya ta gefen mai karanta masa hanya, Michael Park, wanda ya mutu nan take. Aka soke sauran zangon tseren. Sébastien Loeb ne ke kan gaba, kuma yadda lissafi ya kasance a ranar zai iya ɗaukar kambun duniya na shekarar. Da gangan ya ja wa kansa hukuncin ƙarin minti biyu a kan lokacinsa don kada ya yi nasara a ranar da abokin sana'arsa ya mutu, ya bar Petter Solberg ya zo na ɗaya, ba a kuma yi wani biki a dandalin ba da kofi ba. Märtin kuwa, wanda ya ci gasa biyar ta duniya tare da Park a gefensa, bai sake komawa cikakken tseren duniya ba.