Kufan Nara da namu kufan

Duk wanda ya hau jirgin ƙasan Kintetsu daga Osaka zuwa Nara, yana wuce tashar Yamato-Saidaiji zai ga gidaje sun ƙare ƙaf, sai wani makeken fili mai ciyawa, jar ƙofa a wannan gefe, ƙaton zaure a wancan. Ranar da na fara gani na ɗauka filin sukuwa ne. Ashe ta tsakiyar tsohuwar fadar sarakunan Japan muke ratsawa.

Sunan birnin Heijo-kyo. Sarauniya Genmei ce ta dawo da gadon sarauta nan a 710, aka shata tituna miƙe sar bisa tsarin birnin Chang'an na ƙasar Sin, babbar hanyar ma faɗinta ya haura mita 70. Shekara 74 kacal, Sarki Kanmu ya tashi a 784, ya bi ta Nagaoka ya zauna Kyoto a 794. Fada ta zama fadamar shinkafa, manoma suka yi ta noma a kanta fiye da shekara dubu.

Mutanenmu da ke zuwa yawon buɗe ido, jar ƙofar Suzaku da zauren Daigokuden suke tsayawa ɗaukar hoto. Ni ba su cika burge ni ba, domin sababbi ne fil: ƙofar a 1998 aka gama ta, zauren kuma a 2010, duk bisa ƙiyasin masana. Abin da ya tsayar da ni shara ce. Laimar fadamar nan ta hana itace ruɓewa, sai masu tono, waɗanda ke aiki ba yankewa tun 1959, suka riƙa ciro wasu 'yan siraran alluna masu rubutun tawada, ana ce musu mokkan. A gidan Yarima Nagaya, wanda aka tilasta wa kashe kansa a 729, an samu kimanin 35,000 a ƙarshen shekarun 1980. Ba kirarin sarki ba ne a jikinsu. Gishirin haraji daga lardi kaza, shinkafar da aka auna wa ma'aikaci, har da wadda aka ware wa karnukan gidan. Na daɗe a gaban gilashi ina kallon wani allo da magatakarda ya yi ta maimaita harafi ɗaya yana koyon hannu. In ya cika, wuƙa ake sawa a kankare a sake rubutu, kamar yadda muke wanke allo. Har ɓawon da aka kankare sun tsince sun karanta.

Kada a ce Japanawa waliyyai ne. Layin dogo har yau yana tsaga fadar gida biyu, gidan Nagaya kuwa, ana gama tono aka ɗora ƙaton kanti a kansa. Kuma ba gwamnati ce ta fara damuwa da wurin ba. Wani mai sana'ar shuke-shuke ne, Tanada Kajuro, ya ƙarar da abin hannunsa yana kai-kawo, ya mutu bai ga an ayyana wurin a matsayin kayan tarihi a 1922 ba.

A nan nake tuna gida. Alƙalawa ta Gobir ta faɗi a 1808, Surame ta Kanta tana can a jihar Sakkwato da ganuwarta ta dutse. Sau nawa muke cewa "ai babu komai, gonaki ne da daji"? To haka Heijo take kafin Tanada. A ganina fartanya ba ta cinye tarihi, sama-sama take karta. Abin tsoro shi ne tifa da siminti, da mai haƙar ƙasar gini. Ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ba ruwan sama kaɗai ya ci ta ba. Muna yara da idonmu muka ga ana ɗibarta a kan jakai, daga baya shaguna suka biyo. A gindinta muke tsintar tsingaro muna wasan jifa, ba wanda ya taɓa ce mana tukunyar wani ce. Mun haddace jerin sarakuna tsaf, amma me bayin Kanta suke ci, wa ke kawo gishiri Alƙalawa, wannan yana cikin juji da karofi da kashin maƙera, ba a bakin maroƙa ba.

Inda ba su sake gini ba a Heijo, sai su mayar da ƙasa su rufe abin da suka tono, su dasa 'yar bishiya a gurbin kowane ginshiƙi, su aske ta zagaye. Kana tafiya tsakaninsu kana gane nan ɗaki, nan ƙofa. Wannan bai fi ƙarfinmu ba ko kaɗan.

Na tura wa yayana hoton wurin. Ya kira ni yana dariya: "Kai yanzu kuɗin jirgi ka biya don ka je kallon fili?" Na ce, "Yaya, hekta fiye da ɗari ce a tsakiyar gari." Ya yi shiru, can ya ce, "Kuma ba a yanka fuloti ba?"